Yadda Iyaye Za Su Ji Daɗin Yaransu Tun Suna Ƙanana

A Katsina in ka gaida mai goyo ka ce mata "Ya ɗawainiya?" amsar ba ta wuce "Da godiya." Kuma har zuci take faɗa. Amma zauna da ita ka ce ta gaya maka abu ɗaya da ya ba ta dariya daga asuba zuwa yanzu, sai ka ga ta tsaya tana lalube. Abin da ya ɓata mata rai kuwa a bakinta yake: wannan ya kifar da koko a kan tabarma, waccan ta yi fitsarin kwance, ɗan garuwa bai zo ba, famfas ya ƙara kuɗi. Maigidan ma in ka tare shi a majalisa, lissafin kuɗin makaranta da na magani zai yi maka.

Dalilin a fili yake. Ɓarnar yaro tana barin shaida, sai an share, an wanke, ko an biya. Abin daɗinsa kuwa, murmushi ne ko wata kalma da ya karkata, kafin ki ɗago ya wuce, galibi lokacin da hannunki ke cikin ruwan wanke-wanke. Wanda bai yi wa wannan tanadi ba zai reni yara har su girma, yana son su, yana yi musu komai, amma bai ɗanɗani zama da su ba. Tanadin ne zan bi daki-daki. Yawancin matakan ba sa cin kuɗi, na fita ma kuɗin Keke Napep ne. In na ce "ke" da uwa nake, in na ce "kai" da uba.

Mataki na farko: a fara gyara barci

Wanda bai yi barci ba, ko abin dariya aka nuna masa haushi zai ji. Don haka kafin komai a duba awa nawa yaran ke samu, awa nawa uwar ke samu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17, ɗan wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, duk har da barcin rana. Ku lissafa na gidanku. Yaron da ke farke har ƙarfe goma da rabi yana kallo tare da manya, a kuma tashe shi da sassafe don makaranta, yawancin rigimar da yake yi da la'asar barci ne ke cinsa.

A tsayar da lokaci guda, a ɗaura shi a kan abin da yaro ke ji da kunnensa. Kiran sallar isha'i ya fi agogo aiki a nan. An idar da salla, a kai shi ya yi fitsari, a saki gidan sauro, a tofa masa addu'a, a kwanta. Daren farko da na biyu za a sha kuka. In aka daure jikinsa zai saba. Da bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ɗaki ba ya kwantuwa. A yayyafa ruwa a tsakar gida tun magariba, a shimfiɗa tabarma a waje, a ɗaura gidan sauron a can.

Ke kuma in ya yi barci bayan azahar, ki kwanta ko na minti 20 ne. Kwanuka ba sa guduwa. Iyayenmu sun san darajar hutun uwa, shi ya sa mai jego ke samun kwana 40 ana dafa mata ruwan wanka, ana dama mata kunun kanwa, wata tsohuwa na riƙe mata jariri. Sai dai ku lura: jariri yakan fara murmushin gane fuska ne tsakanin mako 6 zuwa 8, wato daidai lokacin da aka yi arba'in, tsohuwa ta tattara kayanta ta tafi, aiki ya dawo wa uwa gaba ɗaya. Murmushinsa na farko yana zuwa ne a makon da kika fi rashin sukunin tsayawa ki kalla. Tun kafin arba'in ta cika ku zauna da maigida ku shirya wanda zai riƙa kama miki: ƙanwa, 'yar maƙwabta da za ta riƙa leƙowa bayan Islamiyya, ko facala da za ku riƙa karɓa-karɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mataki na biyu: a zaɓi lokaci biyu ko uku a kafa su

Kada ku ce daga yau kowane motsin yara sai kun ji daɗinsa. Ba mai iyawa, kuma wanda ya ɗaukar wa kansa wannan da kwana biyu zai watsar. Ku zaɓi biyu, in sun yi yawa uku, daga cikin abubuwan da dama kullum sai an yi su, ku ce waɗannan ba a yin su da gaggawa. Sauran yinin ya tafi da guje-gujensa yadda ya saba.

Ga uwa, wanka ya fi sauƙin kamawa, don dama hannunki na jikinsa. Ki haɗa komai kafin ki tuɓe shi: baho, soso, sabulu, tawul, mai, kayan sawa. Ki taɓa ruwan da gwiwar hannu. Bayan kin cuɗa shi kin ɗauraye, ki miƙa masa kofin roba, ki zauna kan kujera 'yar tsugunno ki zuba masa ido. Zai ɗiba ya zubar, ya ɗiba ya zubar, ya tattara gira yana bin ruwan da kallo har ya ƙare, ya leƙa cikin kofin ya ga ina sauran ya shiga, sannan ya ɗago ya dube ki ko kin ga abin da ya gani. Wannan ɗagowar ake nema. In ya ɗago ya tarar idonki na kansa, an gama. Kada dai ki bar shi cikin ruwa ko nan da ƙofa, komai ƙanƙantar ruwan. In an yi sallama ki naɗe shi a tawul ki tafi da shi.

Da hunturu shafa mai ma wani zama ne. Ki lakato man kaɗanya, ki murza a tafin hannu har ya narke ya yi ɗumi, ki fara daga ƙafa. Ki bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kina ƙirgawa da ƙarfi, ki bi dunduniya inda faso ke farawa, ki hau ƙauri da gwiwa da bayan kunne. A tafin ƙafa za a yi dariyar cakulkuli. Ki ɗan daɗe a nan.

Kai kuma uba, naka lokacin yaran ne da kansu suka yanka maka: oyoyo. Tun daga ƙarar mashin ɗinka a bakin layi sun gane ka, kafin ka kashe sun cika soro. Babu wani mai sarauta a garin nan da ake tarba da irin wannan murnar kullum ba don ana neman wani abu a wurinsa ba. Kuma ba ta daɗewa. Nan da 'yan shekaru za ta koma "Sannu da zuwa, Baba" daga nesa. Ga yadda za ka karɓe ta. Ka gama wayar da kake yi a waje, ka sa ta aljihu kafin ka yi sallama. Ka ajiye abin da ke hannunka. Ka durƙusa har fuskarka ta zo daidai da tasu, ka bar su su haye ka ko da farar shadda ce a jikinka. Minti biyar na farko kada ka tambayi wa ya fasa me, kada ka ce ina abinci. Ke ma, ƙarar da kika tara tun safe ta jira ya sha ruwa. In dawowar uba ta zama zaman shari'a, ba a jimawa yara su fara ɓuya in sun ji mashin.

Maganar tsaraba, ra'ayina kada ta zama ta kullum, don in kullum da leda, a hankali oyoyon zai koma na leda. Jefi-jefi ya isa, kuma ƙaramin abu: alawar madara, mangwaro in lokacinsa ne, goruba ko rake ga waɗanda suka tasa. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri kuwa kada a ba wanda bai kai shekara 5 ba, suna iya sarƙe shi su toshe masa numfashi.

Na ukun shi na fi so: tsakanin magariba da isha'i, an ci tuwo, gari ya yi sanyi. In babu wuta ma ya fi. "Ga ta nan, ga ta nanku." "Ta zo mu ji ta." Ba sai kin iya tatsuniya goma ba, ɗan shekara uku ya fi son wadda ya sani, a yi ta maimaita masa har ya haddace. Ki gwada sauya wani abu da gangan, ki ce Ƙoƙi ce ta yi satar ba Gizo ba, ki ji yadda za su taso miki: "A'a Umma, ba haka ba ne!" In kin kai "ƙurunƙus kan kusu", ki ce saura wani ya yi tasa. Tatsuniyar ɗan shekara huɗu ba kai ba gindi, Gizo da mota da malamar ajinsu duk suna ciki, amma a nan za ki ji abin da ya tsorata shi yau da wanda ya ƙwace masa biskit.

Mataki na uku: waya ta kwana wani ɗakin

A lokutan nan da kuka zaɓa, waya ba ta zuwa. Kife ta a gefen tabarma bai isa ba, a bar ta a jikin caji a ɗaki. Shawarwarin nan na 2019 sun ce wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Ana yawan faɗar wannan a kan yara. Na iyaye ne ba wanda ya ƙayyade, kuma shi ya fi cin lokacin.

Hoto ma ɓarawo ne. Yarinya ta ɗaura ɗankwalinki tana taku irin naki, kin zabura neman waya, kafin ki buɗe ta daina ta zo tana "in gani, in gani." Ki kalla tukuna ki ƙoshi, in ta ci gaba, ki ɗauki ɗaya ki ajiye. Inda waya ke da amfani sosai shi ne naɗar murya. Sau ɗaya a wata ki naɗi minti guda na gwarancinsa, ko yadda yake karanta Fatiha da tsamin baki, ki tura wa wata 'yar'uwa amintacciya don waya na ɓata ko ta lalace. Kamanni hoto na riƙewa, amma murya ita ake fara mantawa.

Mataki na huɗu: a san inda kunya ta tsaya

Wannan namu ne na Hausawa, kuma ya fi sauran wuya. Mun tashi mun tarar ana kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban surukai, wani lokaci ko kuka yake sai ta kau da kai har wata ta ɗauka. Uba ma ba ya ɗaukar ɗansa a gaban mahaifinsa. Ana kuma cewa ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Al'adar tana da hikimarta. A babban gida inda kowane sashe da 'ya'ya, in kowace mace ta rungume nata zumunci ba zai yi ƙarko ba. Kunyar ce ke sa ɗa ya zama na kowa, goggo ta goya, kawu ya sayi takalmi.

To amma da yawa daga cikinmu yanzu ba a babban gida muke ba. Mata da miji ne su kaɗai a ciki da falo na haya a Sabuwar Unguwa ko Rahamawa, babu goggo babu kaka. In uwa ta kau da kai a irin wannan gida, babu wata da za ta ɗauka.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u ɗan Habis yana zaune, sai Aƙra'u ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Manzon Allah ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Sun kuma ruwaito ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Wani zai ce ai waɗannan jikoki ne, mu ma ba ma kunyar jika. To, Aƙra'u maganar 'ya'yan cikinsa ya yi, kuma a kansu aka ba shi amsa.

Mafita ita ce a raba wuri. A gaban surukai ki riƙe kunyarki, ki ci gaba da kiransa da laƙabin da aka sa masa, ba abin da ya ragu. In kin shiga ɗaki kin saki labule, ki ɗora shi a cinya, ki sunsuni kansa, ki gaya masa da bakinki cewa kina sonsa. Ɗan fari musamman: shi ake ɗora wa aike da reno da "kai ne babba, ka haƙura", shi kuma aka fi ƙarancin runguma. Ku bar shi ya ƙara minti goma bayan ƙannensa sun kwanta, ya zauna tsakaninku ba tare da an aike shi ko'ina ba.

Ku kuma riƙa kai su gidan kakanni, ku zauna gefe ku sha kallo. Tsohuwa ta tare ɗan shekara biyu da "Maigida, ina kuɗin cefane?" ko ta ce wa jikanya "Kishiya, kin zo ƙwace mani miji ko?" Tsohon da kuna yara ko tari ba ku iya yi a gabansa, ga shi an tuɓe masa hula ana ja masa gemu yana dariya har da hawaye.

Mataki na biyar: sau ɗaya a yini a bi saurin yaro

Zuwa shagon bakin layi da zai ɗauke ka minti uku, da ɗan shekara biyu minti ashirin ne. Sai ya tsaya wajen jerin tururuwa, ya gaida akuyar maƙwabta, ya tsinci murfin kwalba, ya tsaya yana gyaɗa wa ƙadangare kai. In kana sauri ka saɓa shi a kafaɗa ko ka bar shi gida. In kuwa ka ce wannan tafiyar tasa ce, to ka manta da agogo, ka tsuguna ka ga tururuwar. In ya fara "mene ne wannan" da "don me", ka amsa wanda ka sani, wanda ba ka sani ba ka ce "Kai me kake gani?" Amsar da zai ba ka ta biya tafiyar.

A cikin gida ma haka. Ki ba ta 'yar tsintsiya, ki zuba mata wake kaɗan a faifai ta tsince in ta wuce shekarun kai komai baki. Aikin zai ƙara tsawo, ba musu. In aka kawo miki tuwon ƙasa a murfin gwangwani, ki karɓa hannu biyu, ki yi bisimilla, ki kai kusa da baki, ki ce gishiri ya yi kaɗan. Za a koma a gyara.

Shekara da kanta tana kawo nata kyauta, in kun san lokacinsu. In shamuwa ta fara sauka a kan itatuwa, ku nuna musu ku ce damina ta kusa, su riƙa duba sama. Ranar ruwa, in babu tsawa da walƙiya, a bar su su ɗan yi tsalle a tsakar gida, a yi musu wanka da ruwan ɗumi. Kwata da kududdufi ne ba a yarda ba. Da kaka ga masara gasasshiya, ga kara na ƙera mota da keji. Da hunturu ga ɗumame da safe kowa cikin rigar sanyi. Da azumi ga 'yan tashe daga goma ga wata, ga mai "azumin" da ke buɗe baki sau uku kafin azahar yana kuma neman a ba shi ƙwan buɗa-baki. Daren salla kuwa ku leƙa bayan sun yi barci, ku ga wanda ya kwana da sabon takalmi a ƙafa.

Mataki na shida: a rubuta, kuma a daina awo da ɗan wani

Ku sayi ƙaramin littafi, ku ajiye shi cikin jakar da katin rigakafi yake, don ita ce jakar da ba ta ɓata. Duk abin da yaro ya faɗa da ya ba ku dariya, ku rubuta shi yadda ya faɗa, da kwanan wata, kada a gyara masa Hausa. Layi ɗaya ya isa. Wanda rubutu ke yi wa nauyi, ga mai sauƙi: kafin ku kwanta, kowa ya gaya wa ɗan'uwansa abu ɗaya da wani yaro ya yi yau. Uban da ya yini kasuwa ko ofis ya samu rabonsa, ke kuma da kin san da dare za a tambaye ki, sai ki ga da rana kina lura. Godiyar da aka ambaci abinta ta fi zama a zuciya. "Alhamdu lillahi, yau ta ce Baba" daban take da "Alhamdu lillahi" ta amsa gaisuwa.

Babban mai kashe wannan jin daɗi shi ne awo. A gidan suna wata ta ce nata da wata tara ya yi tafiya, ki dawo gida kina kallon naki da ke rarrafe da wata goma sha uku kamar ya yi laifi. Yara masu lafiya suna fara tafiya tsakanin wata 9 zuwa 18. Haƙorin farko yakan fito wajen wata 6, wani ya riga, wani ya kusa shekara, kuma zuwa shekara 3 yawanci duk 20 sun cika. Ƙiwa da yaro ke farawa wajen wata 8 ko 9 alama ce ya gane nasa, ba baƙin hali ba ne. In ya kai wata 18 bai taka ba, ko ba ya waiwaya in an kira shi, ko ya daina abin da ya riga ya iya, wannan na asibiti ne, a kai shi a duba. In ba haka ba, ki more rarrafen. 'Yan watanni ne ba ya dawowa.

Mataki na bakwai: fita marar tsada

Wannan ba na kullum ba ne. Mazauna birnin Katsina su kai yara su ga Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15 da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, su biyo ta Ƙofar Soro su ga fada da dogarai. Na Daura ga Rijiyar Kusugu, inda labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a yake. Ku ba su labarin da dare, washegari ku kai su su leƙa da idonsu, hannunsu cikin naku. Lokacin hawan salla, ko Sallar Gani a Daura cikin watan Rabi'ul Awwal, ka ɗora ƙaramin a wuya ka tsaya nesa da turmutsutsu da ƙafar dawaki. A fita da safe ko bayan la'asar, da ruwa a gora, a dawo kafin yunwa ta fara magana. Kada ka yi mamaki in an dawo aka tambaye shi me ya gani ya ce jaki.

Mataki na takwas: ranakun da babu daɗin

Akwai ranar da yaro zai kwana jiki zafi, ba dariya ba gwaranci. Ba ranar neman jin daɗi ba ce. A kai shi a gwada jini cikin awa 24 da fara zazzaɓi, kada a tsaya saye-sayen magani da ka. In ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya langaɓe, a tafi nan take ko da tsakar dare ne. Da damina in masu bi gida-gida sun kawo maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa 59, a karɓa, a cika kwana ukun kowane wata. Amma ku tsaya ku lura da ranar da ya warware ya ce "Umma, zan ci ɗanwake", ko ya sauko daga gado ya je ya tsokani yayarsa. Ƙiriniyar da ta ishe ku makon jiya, yau za ku ji ta daban.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Kuka da sauyin rai a kwanakin farko bayan haihuwa abu ne da mata da yawa ke yi, yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, uwa ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da jariri ya yi, ba ta son ci, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, tana kallon jaririn ba ta jin komai, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da irin wannan matsala bayan ta haihu. Duk matakan da na lissafa ba za su yi mata aiki ba sai an yi maganinsa, kuma ce mata "ki gode wa Allah, wasu nema suke" ƙara mata nauyi ne, don ta riga ta san haka.

Maigida, galibi kai za ka fara gani. Ka ci gaba da addu'a, ka kuma kai ta asibiti da ƙafarka. In tana jin nauyin faɗa, ranar kai jariri rigakafi ta mako 6, 10 ko 14 dama ce: ku ja ma'aikaciyar jinya gefe, ku gaya mata tun yaushe abin ya fara, yadda barcinta da cin abincinta suke, ku nemi a haɗa ku da likita. Ka nemo mahaifiyarta ko wata 'yar'uwa ta zo ta zauna da ita, ka karɓi renon dare ko da na 'yan awanni ne. In kuwa ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, ko tana jin muryoyi, ko tana maganar da ba ta kan hanya, kada a bar ta ita kaɗai da yaron, kada kuma a jira ranar rigakafi. A kai ta babban asibiti a ranar.